Gidan haya ko gidan kanka: a ina za mu ajiye rubutunmu a intanet?

A yau da wuya ka sami makarantar Islamiyya, ko ƙungiyar matasa, ko kwamitin masallaci a Nima, ko Aboabo, ko Zangon Tamale, da ba su da wani lungu a intanet inda suke zuba sanarwa da hotuna. Wasu malaman ma sun wuce nan. Akwai mai rubuta darasin tajwidi duk mako, akwai mai fassara huɗubar Juma'a zuwa Hausa da Turanci saboda yaran da suka tashi ba su jin Larabci, akwai kuma mai bin dattawa yana tattara tarihin unguwa kafin ƙasa ta rufe idonsu. Da zarar rubutun ya fara yawa, sai a ga cewa Facebook da WhatsApp ba su iya riƙe shi. Abin da aka sa yau, bayan wata uku sai an sha wahala kafin a tono shi. Daga nan ne tambaya take tasowa: mu buɗe shafin kyauta a wurin wani babban kamfani, ko kuwa mu kashe kuɗi mu kafa namu?

Tambayar ta fi ƙarfin matasa masu ilimin kwamfuta kaɗai. Shugaban makaranta, da ma'ajin ƙungiya, da limamin da ake rubuta karatunsa, duk suna da ruwa da tsaki a ciki, domin aikin shekaru ne ake ɗauka a damƙa wa wani.

Hanyoyi biyu

Kowane shafi da kake gani a wayarka yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Bambancin hanyoyin biyu shi ne wane ne mai kula da wannan kwamfutar da manhajar da ke cikinta.

A hanya ta farko, kamfani ne ya gina gidan, ya sa wuta da ruwa, ya ɗauki mai gadi, kai kuma ya ba ka ɗaki. Misalin da aka fi sani shi ne Blogger, wanda aka ƙirƙira a 1999, Google ya saye shi a 2003. Akwai kuma WordPress.com da kamfanin Automattic ya buɗe a 2005, da irin su Medium da Substack da suka zo daga baya. Ka yi rajista da imel, ka zaɓi suna, cikin rabin awa ka fara rubutu. Adireshinka zai fito da wutsiyar mai gida a jiki, wato sunanka sannan blogspot.com ko wordpress.com.

A hanya ta biyu, kai ne za ka sayi sunan adireshi, ka kama wuri a saba ta wani kamfanin masauki, ka ɗora manhaja da kanka, ka ci gaba da kula da ita. Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Kyauta ce, kowa na iya saukewa ya gyara yadda yake so, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke tafiya.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda suna ɗaya ne abu biyu. WordPress.com gidan haya ne. WordPress.org kuwa wurin da ake ɗebo kayan gini ne, bulo da siminti, kai za ka nemo fili da magini. Duk wanda ya ce maka "zan yi maka WordPress", ka tambaye shi wanne daga ciki.

Daɗin haya

Bai kamata a raina haya ba. Sunan unguwanninmu kansa daga masauki ya samo asali. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa saukowa Salaga da Kumasi a gidan maigida suke sauka, shi ne mai ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Da kowane falke ya ce sai ya gina gidansa kafin ya fara ciniki, da fataucin bai yiwu ba.

Haka abin yake a intanet. Malamin da yake koyarwa daga safe zuwa azahar, ya wuce makarantar yamma, ya dawo ya duba littattafan yara arba'in ko hamsin, ba shi da lokacin zama yana gyaran manhaja. A gidan haya ba ruwansa da wannan. Kamfanin ne ke toshe kafar masu kutse, shi ke sabunta manhaja, shi ke ɗaukar nauyi in mutane dubu goma suka afko wa shafin a rana ɗaya saboda wata sanarwar ganin wata. Ba a biyan ko pesewa a tsarin kyauta. Kuma in ka yi wata shida ba ka leƙa ba, za ka dawo ka tarar da ɗakinka yadda ka bar shi.

Wani alherin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗorewa bayan mai shi. Akwai shafukan Blogger da aka daina taɓawa fiye da shekara goma, har yanzu suna buɗuwa. Shafin da ake biya wa kuɗi kuwa, shekarar da aka daina biya, shekarar yake mutuwa.

Amma gidan na mai shi ne

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Mai gida yana iya rushe gidansa, ko ya sayar, ko ya canza doka, ba tare da ya nemi shawarar ɗan haya ba. Wannan ya sha faruwa. A watan Oktoba na 2009 Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko. Wasu 'yan sa-kai ne suka yi rige-rige suka kwashe abin da suka iya kafin a kashe wuta. Posterous, wanda Twitter ya saya a 2012, an rufe shi a Afrilun 2013. Google+ ya bi sahu a Afrilun 2019. A shekarar ce kuma MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon shekaru goma sha biyu sun salwanta a wajen ƙaura daga wata saba zuwa wata. Mu nan abin da ya fi taɓa mu shi ne sashen dogon rubutu na Facebook mai suna Notes: daga ƙarshen Oktoban 2020 aka daina barin kowa ya rubuta sabo ko ya gyara tsoho a ciki.

Akwai kuma dokar da ta shafi asusun da aka yi watsi da shi. Tun daga Disamban 2023 Google ya ba kansa damar goge asusun mutum in an yi shekara biyu ba a shiga ba. Shafin Blogger kuwa a jikin asusun Google yake rataye. In mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, ya yi tafiya ko ya rasu, to shafin yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya.

Sai maganar talla. A tsarin kyauta na WordPress.com, kamfanin yana sa tallace-tallace a shafinka, kuma ba kai ke zaɓar su ba. Ga mai rubuta labarin ƙwallo wannan ba komai ba ne. Ga makarantar da ke koyar da fiƙihu kuwa, akwai abin dubawa, musamman a wannan zamani da tallan caca ya cika ko'ina. Blogger ba ya tilasta talla, sai in kai ka nema. Wannan ƙaramin bambanci ya isa ya sa makaranta ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne hukunci. Manyan kamfanoni na'ura suke sa wa ta tace abin da ake wallafawa, na'urar kuma ta fi ƙwarewa a Turanci. A watan Mayun 2021 Instagram ya riƙa ɓoye rubuce-rubucen da suka ambaci Masallacin Ƙudus da sunansa na Larabci, daga baya kamfanin ya ce kuskure ne. Binciken da kamfanin Meta da kansa ya sa aka yi, wanda ya fito a Satumban 2022, ya nuna cewa an fi tsananta wa rubutun Larabci fiye da kima a wancan lokaci. Mai rubutu da Hausa haɗe da ayoyi da hadisai ya san cewa in aka rufe masa shafi bisa kuskure, da wuya ya sami mutum mai jin harshensa da zai saurari ƙararsa.

Gwamnatoci ma suna da hannu. Chadi ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A irin wannan yanayi, wanda duk kayansa ke cikin kafa ɗaya shi ke kwana a waje, mai shafi na daban kuwa ƙofarsa tana nan a buɗe.

Gidan kanka da ɗawainiyarsa

Jin waɗannan labarai sai mutum ya ce, ai shi ke nan, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gaskiya ne, a shafin da ka kafa da kanka babu mai sa maka tallan da ba ka so, babu mai hana ka ƙara abin da kake buƙata. Kana iya sa jadawalin lokutan salla, da fom na ɗaukar sababbin ɗalibai, da wurin karɓar gudummawa, da rubutun Larabci irin wanda idonka ya saba da shi. In kamfanin masaukin ya ɓata maka rai, ka kwashe kayanka ka koma wani, adireshinka bai canza ba.

To amma mai gida shi ke gyaran rufi. Da farko akwai kuɗi iri biyu da ba sa yankewa: na sunan adireshi, da na masauki. Sunan da ya ƙare da .com yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 20 a shekara. Masauki mai sauƙi kuwa 'yan daloli ne a wata. A ido kamar ba yawa, amma da dala ake lissafin, mu kuwa da sidi ake biyan mu. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta haura sidi 12. Duk wanda ya yi kasafinsa a Janairu, ya zo biya a Nuwamba, ya ga yadda kuɗin shafi ya ninka ba tare da kamfani ya ƙara ko sisi ba.

Akwai kuma dabarar 'yan kasuwa wadda duk ɗan haya a Akra ko Kumasi zai gane ta. Dokar haya ta 1963 ta ce kada adibas ya wuce na wata shida, amma kowa ya san masu gidaje shekara ɗaya ko biyu suke karɓa. Kamfanonin masauki su ma sukan nuna maka farashi mai araha, da sharaɗin ka biya shekara biyu ko uku a dunƙule. Ranar sabuntawa sai ka ga kuɗin ya yi tsalle. Kafin ka biya, ka nemi farashin sabuntawa, shi ne farashin gaskiya. Ka kuma duba yadda za ka biya: kamfanonin waje katin banki mai aiki a ƙetare suke so, wasu na cikin gida kuwa suna karɓar MoMo da sidi, kuma kana iya kiran su a waya ku yi magana.

Bayan kuɗi sai tsaro. Saboda yawan masu amfani da WordPress, ɓarayin intanet sun mai da ita wurin farauta. Ba sai sun san ka ba, na'urorinsu ne ke yawo dare da rana suna taɓa ƙofofi. Yawanci ba ta jikin ainihin manhajar suke shiga ba, ta ƙananan manhajojin da ake liƙa mata ne, musamman waɗanda aka daɗe ba a sabunta ba, ko na kuɗi da aka sato ake rabawa kyauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In sun shiga, sukan cusa tallan magunguna ko na caca, ko su mai da shafin tarkon damfara, mai shi bai sani ba sai iyayen yara sun fara kira.

Kada kuma a ɗauka cewa biyan kuɗi yana nufin kaya ba sa ɓata. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri dabam, wasunsu sun rasa kayansu har abada. Sannan araha ba ta ado: shekaru da yawa kamfanin Freenom yana raba sunaye kyauta masu ƙarewa da .tk, da .ml na Mali, da .ga na Gabon, da .cf, da .gq. Matasa da yawa sun gina shafuka a kansu. A 2023 ya daina rajistar sababbi bayan Meta ya kai shi kotu, a 2024 kuma ya sanar da fita daga harkar, sunaye masu ɗimbin yawa suka mutu.

Inda aka fi yin asara

A abin da na gani a makarantunmu, ba gobara ko rufe kamfani ne ke cinye yawancin shafuka ba. Sakaci ne wajen sanin wa ke riƙe da makulli. Na san wata makaranta da wani tsohon ɗalibinta ya gina mata shafi mai kyau, fi sabilillahi, ya biya na shekarar farko daga aljihunsa. Da imel ɗinsa ya yi rajista, da lambar wayarsa, da katin bankinsa. Bayan shekara biyu Allah ya buɗa masa hanya ya yi tafiya, ya canza layi. Saƙonnin gargaɗi cewa suna ya kusa ƙarewa suna ta zuwa akwatin da babu mai buɗewa. Ranar da hukumar makarantar ta farga, adireshin da aka buga a allon ƙofa da takardun sakamakon yara ya riga ya koma hannun wani, yana nuna abin da ba shi da alaƙa da makaranta. Yaron bai ci amana ba. Babu dai wanda ya zauna ya rubuta komai tun farko.

Yana da kyau a san yadda abin ke tafiya. Sunan adireshi ba a sayensa a mallaka har abada, rajista ake yi ta shekara ɗaya zuwa goma. In wa'adi ya cika ba a biya ba, akan ba da 'yan makonni na alfarma. Bayan su akwai kwana 30 da za a iya fanso sunan, amma da tara mai tsada. In wannan ya wuce, sai a sake shi kasuwa, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da suka faɗi.

Hanya ta tsakiya

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ana iya raba suna da masauki. Kana iya sayen sunanka na kanka, sannan ka ɗaura shi a gidan haya. Blogger yana barin a yi haka ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuɗin sunan kawai za ka riƙa biya. WordPress.com ma yana yi, amma sai a tsarin biya. Da wannan, mai karatu adireshinka yake gani, ba na kamfani ba. Ran da ka ga dama ka tashi, sai ka juya sunan ya fuskanci sabon wuri, kamar yadda mutum ke ƙaura daga Mamobi zuwa Madina da lambar wayarsa a aljihu.

Ga makaranta ko ƙungiya mai rajista, akwai kuma sunayen ƙasarmu masu ƙarewa da .gh, irin su .edu.gh da .org.gh. Sukan nemi takardu, amma suna ƙara wa shafi kwarjini a idon iyaye da hukumomi.

To wa ya kamata ya zaɓi me? Malami ɗaya mai son rubuta darussa ko tarihi, wanda ba shi da mai taimaka masa, ya fara da gidan haya. In ya yi wata shida yana rubutu bai gaji ba, ya sayi suna ya ɗaura. Makaranta ko masallacin da buƙatarsu ba ta wuce sanarwa, da hotuna, da darasi ba, su ma wannan ya ishe su, sai dai su sayi sunan tun ranar farko kafin a buga shi a allo. Wanda ya kamata ya kafa nasa shi ne mai buƙatar abin da haya ba ta bayarwa, kamar jarida, ko kanti, ko makarantar da ke son rajistar ɗalibai ta intanet, kuma da sharaɗi biyu: akwai kuɗin shekara-shekara a rubuce cikin kasafi, akwai kuma mutum takamaimai da zai riƙa duba shafin aƙalla sau ɗaya a mako. In babu ɗaya daga cikin biyun, gara a zauna a haya. Kango ba ya fin ɗakin haya mai rufi.

Abin da ya shafi harshenmu da masu karatunmu

Kowace hanya aka bi, akwai gwajin da ya kamata a yi kafin a zauna. Na farko, haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Wasu fasalolin shafi masu ƙyalƙyali ba su da su, sai ka ga ƙaramin akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam. Ka rubuta jimla mai ɗauke da dukkansu, ka haɗa da layi ɗaya na Larabci mai wasali, ka buɗe a wayoyi biyu ko uku, har da mai araha. In aya ta karkace ko wasali ya hau kan wani harafi, ka canza fasali. A cikin sunan adireshi kuwa, ka bar haruffan a miƙe, domin mutane su iya bugawa a kowace waya.

Na biyu, nauyin shafi. Masu karatunmu a waya suke karatu, da datar da suka saya da guminsu. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yana iya cin abin da rubutu shafi ɗari bai ci ba. A rage girman hotuna. Karatun murya da bidiyo kuma a ajiye su a wuraren da aka yi domin su, irin su YouTube ko Internet Archive, a jawo su cikin shafin.

Na uku, amanar yara. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana aiki a kan makarantu kamar yadda take aiki a kan bankuna. Sakamakon jarrabawa da cikakken suna, da hoton yaro, da lambar wayar mahaifiyarsa, ba kayan bajewa a fili ba ne. Mai shafin kansa da ke karɓar irin waɗannan bayanai ta fom, nauyin tsare su yana wuyansa.

Suna, makulli, kwafi

In aka tace duk wannan bayani, abu uku ne ke raba wanda zai tsira da wanda zai yi kuka, ko a haya yake ko a gidansa.

Suna ya kasance na makaranta ko na ƙungiya, da imel ɗin da aka buɗe domin ta, ba na wani mutum ba, komai amincinsa. A rubuta ranar ƙarewar wa'adi a littafin ma'aji, kusa da kuɗin wuta da na ruwa.

Makulli ya kasance a hannun mutum biyu ko uku. Blogger da WordPress duk suna barin a naɗa masu kula fiye da ɗaya, kowa da kalmar sirrinsa. In wani ya bar aiki, a cire shi a sa wani, ba tare da rigima ba.

Kwafi kuma a riƙa saukewa a kai a kai. Dukkan manhajojin nan suna da wurin fitar da rubutu gaba ɗaya cikin fayil ɗaya, hotuna kuma a tabbata an haɗa da su. A ajiye ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a gidan wani. Mun ga amfanin wannan a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse, Gana da maƙwabtanta suka wayi gari intanet na rarrafe. A ranakun nan, malamin da darussansa ke cikin kwamfutarsa ya shiga aji ya yi aikinsa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausa. Abin da ya kawo su zamaninmu shi ne almajiransa sun kwafa da hannu, kwafin ya bazu gari-gari. A shekarun 1960 kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana aron littattafai tana ɗaukar hotonsu. Wanda gara ta ci a wani gida, akan same shi a wani.

Saboda haka, kafin kwamiti ya zauna muhawarar Blogger ko WordPress, ya fara amsa tambayoyi uku a rubuce: da sunan wa aka yi rajista, su wa ke da kalmar sirri, kuma yaushe aka sauke kwafi na ƙarshe. Wanda yake da shafi tun tuni, ya duba waɗannan a wannan makon, tun wanda ya gina masa yana ɗaukar waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.